Wi-Fi kaɗai zai riƙe gida ko sai an ja kebul? Ga yadda za ka gane

In dai wayoyin hannu ne da laftof a gida mai ɗaki biyu da falo to Wi-Fi ya isa, kar wani ya sa ka kashe kuɗi a banza. Amma duk abin da ba ya motsi, talabijin ne ko kwamfutar tebur ko kyamarar tsaro, ni dai shawarata a ja masa kebul, Wi-Fi ɗin a bar wa abin da ake yawo da shi a hannu.

Kafin ka sayi komai fara gano inda matsalar take tukuna. Tsaya dab da rautar, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gidan, ka gwada gudun intanet ɗin da manhajar Speedtest, sannan ka tafi ɗakin da ake ta ƙorafi a kansa ka sake gwadawa. In a duka wuraren gudun ba daɗi to ba laifin Wi-Fi ba ne, sabis ɗin da ke shigo maka ne ba ƙarfi, ko rauta goma ka saya haka za ta zauna. In kuwa kusa da rautar yana gudu sai ka shiga ɗaki ya faɗi, to bango ne ke cinye shi. Ka duba ping ma, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, in ya yi yawa shi ne ke sa kiran bidiyo ya riƙa tsinkewa ko gem ya riƙa tsayawa alhali sandunan sabis a cike suke, kuma a nan ne kebul ya fi Wi-Fi nesa ba kusa ba.

Ginin mu bulo ne da siminti, in bene ne ga dekin cike da rodi, waɗannan kuwa ba sa barin sigina ta wuce lafiya. Saboda haka fito da rautar daga bayan talabijin ko cikin kabad, ka ɗora ta sama a tsakiyar gida inda ba abin da ya tare ta. Kuma lambar da ke jikin kwali kar ta ruɗe ka, misali AC1200, gudun layuka biyu na rautar ne aka haɗa, 300 na layin 2.4 GHz aka tara da 867 na layin 5 GHz, wayarka ba za ta taɓa samun jimillar ba don layi ɗaya take hawa a lokaci guda.

Layukan biyu kowanne da halinsa. 5 GHz ya fi gudu amma bango biyu ya gama da shi, 2.4 GHz ya fi ratsa gini sai dai cunkoso, rautocin maƙwabta da Bluetooth duk a nan suke. Shiga saitin rautar, adireshin yana rubuce a ƙasanta, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ka sa 2.4 ɗin a tasha ta 1 ko 6 ko 11, su ne ba sa hawa kan juna.

In duk ka yi wannan ɗakin baya bai gyaru ba, a nan mutane ke rugawa su sayi rifita, wato na'urar da ke karɓar siginar Wi-Fi ta sake tura ta gaba, kuma wallahi abin yana damuna don an sha yin asarar kuɗi a kanta. Rifita mai araha da rediyo ɗaya take karɓa da shi take turawa, shi ya sa gudun kan ragu kusan rabi, in kuma ka sa ta inda siginar ta riga ta mutu to ba abin da za ta ƙara maka sai sanduna. Irin wanda ake turo intanet ta wayar wutar gida shi ma ba tabbas, in soket ɗin biyu ba a fes ɗaya, wato layin wuta ɗaya, suke ba sai ka ga yana ja da ƙyar.

Abin da ke aiki shi ne ka ja kebul ɗaya tak daga babbar rautar zuwa can ɓangaren, ka jona rauta ta biyu a matsayin access point, wato ta riƙa raba intanet ɗin da kebul ya kawo mata ta Wi-Fi, ka ba ta suna da fasawod iri ɗaya da ta farko. Kebul ɗin Cat5e ko Cat6 yana ɗaukar 1000 Mbps har tsawon mita 100, bango ba ruwansa. Sai dai a kula wajen saye, akwai mai araha da ake kira CCA, alminiyon ne aka shafa masa jan ƙarfe, ka ɗan kankare silin wayar da reza in ka ga fari ya fito a ƙasa ajiye musu kayansu, musamman in kyamara za ka jona wadda ke shan wuta ta cikin kebul ɗin. Kar kuma a cusa shi bututu ɗaya da wayar wuta. Masu Starlink su duba tasu, rautar nan ta samfuri na biyu ba ta da ramin kebul sai an sayi adafta daban.

Wanda kuma yake gini yanzu, don Allah tun kafin a yi filasta ka sa mai wayarin ya binne bututu daban zuwa falo da kowane bene da ɓangaren baƙi, duk su haɗu a inda za ka ajiye rauta, kusa da soket ɗin da ke kan inbata.