Masu amfani da Godot, manhajar haɗa wasannin bidiyo, ku kiyaye wannan

Salam 'yan uwa. In menu ɗin wasanka yana daskarewa ko Godot ya rufe kansa da ka ja girman windo, kafin ka zargi kwamfutarka duba function ɗin da ka haɗa da siginar resized, wato siginar da ke tashi duk lokacin da girman abu ya canza.

Kar ka canza custom_minimum_size (mafi ƙarancin girman da ka sa wa abu) a cikin function ɗin nan kai tsaye.

Dalili, VBoxContainer (mai jera abubuwan da ke cikinsa daga sama zuwa ƙasa) da ire-irensa su ke tsara girman 'ya'yansu, to kai ka canza girma, shi ya sake jerawa, siginar ta sake tashi, ka sake canzawa, haka za su yi ta zagaye har abin ya tsaya cak.

Sa if ɗaya kawai: in sabon girman daidai yake da na da, ka yi return. In dole sai ka canza, yi da set_deferred, wanda ke ɗan jinkirta canjin. Amma fa shi kaɗai ba tare da if ɗin ba bai cika kashe zagayen ba.

In skirif ɗin @tool ne, wato mai aiki har a cikin edita, har edita ya ƙi buɗewa, daga Godot 4.4 akwai recovery mode da ke buɗe edita ba tare da kunna irin wannan skirif ba.

Inda dabarar ba ta ci: tsohuwar laptop irin tokumbo ɗin Computer Village ta Legas da ba ta ɗaukar Vulkan (tsarin zana hoto a allo) sosai. Nan koma tsarin zane na Compatibility, wanda ba ya buƙatar Vulkan, tukuna ka gani.