Yadda Ake Zaɓa da Shirya Abincin Sallah ga Wanda Zai Yi Ta Shi Kaɗai

A kowace Sallah akwai mutanen da idi ke riska nesa da gida: ma'aikaciyar jinya da aiki ya tsare a Birnin Kebbi, ɗalibin jami'ar Aliero da kuɗin mota ya gagara, mai yi wa ƙasa hidima da aka turo Zuru ko Kamba, da dattijuwar da 'ya'yanta suka yi nisa. Abin da ya fi damuna shi ne yadda da yawansu ke cewa ai mutum ɗaya bai cancanci a ɗora masa tukunya ba, sai su wuni da shayi da burodi. Ranar idi rana ce ta ci da sha, har shari'a ta hana yin azumi a cikinta, don haka ya dace wanda yake shi kaɗai ya ci abincin Sallah na gaske, amma daidai cikinsa, daidai aljihunsa, kuma irin wanda zafin garinmu ba zai lalata ba.

Mataki na farko shi ne a duba wace Sallah ce kuma a wane yanayi ta faɗo. A Ƙaramar Sallah sunna ce a ci wani abu kafin a fita masallacin idi, kuma dabino uku ko biyar da kofin kunun gyaɗa sun wadatar, domin cikin da ya saba da azumin wata guda ba ya son a far masa da maiƙo tun da sassafe. A Babbar Sallah kuwa an fi so a jinkirta ci har a sauko daga idi. Ƙaramar Sallah ta 2024 ta kama 10 ga Afrilu, ta 2025 kuma 30 ga Maris, wato cikin bazara, lokacin da zafi a Kebbi kan haura digiri 40. Masana kiwon lafiya suna gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba tare da sanyi ba, kuma idan zafi ya haura digiri 32, awa 1 ce. Wanda ba shi da firji, ko yake da shi amma wuta ba ta tsayawa, dole wannan ya zama ma'auninsa.

Mataki na biyu, wanda shi ne ginshiƙin lamarin, a zaɓi babban abinci guda ɗaya tak. A gidan yawa ana iya haɗa masa da sinasir da funkaso da shinkafa dafa-duka a rana ɗaya saboda akwai hannuwa da bakuna da yawa, amma mutum ɗaya da ya kwaikwayi wannan zai ƙare da gajiya da asarar abinci. A ganina babu abin da ya kai tuwon shinkafa da miyar taushe dacewa da mai Sallah shi kaɗai a Kebbi. Shinkafar tamu ce, daga fadamun Argungu da Suru da Bunza take fitowa, ana samun ta a kowace kasuwa, tuwon yana yiwuwa da ɗan kaɗan ba tare da ya rasa armashi ba, miyar kuma tana tafiya da tuwo da rana, ta tafi da masa da dare. Masa da sinasir ba na ba da shawarar mutum ɗaya ya yi su da kansa, domin sai an jiƙa shinkafa, an kai niƙa, an jira ƙulli ya tashi, sannan a zauna gaban tanda, duk don abin da bai wuce guda goma ba. Gara a yi magana da mai masar unguwa tun kafin ranar, a biya ta ta ajiye. Wanda ya fito daga Zamfara kuma yake marmarin hoce, shi ma hanyar ke nan.

Mataki na uku cefane ne, kuma a yi shi ranar jajibiri da safe ko kafin nan, domin da yamma kasuwa kan cika, farashi ya hau. Ga mutum ɗaya: shinkafar tuwo gwangwanin madara 2, yankin kabewa mai ja sosai, tattasai 3, attaruhu 2, tumatir 4, albasa 2 irin ta Aliero mai ƙauri, ɗanyar gyaɗa rabin gwangwani, ƙullin alayyafo, ɗan ganyen yakuwa, daddawa, citta, da manja ko man gyaɗa. Nama rabin kilo ya isa har ya kwana, kuma a roƙi mahauci ya haɗa da ɗan ƙashi, saboda romon ƙashi ne ke ba miyar taushe daɗinta.

Mataki na huɗu, girkin kansa, a fara da miya. A tafasa naman da albasa da citta da gishiri har ya fara laushi, sannan a feraye kabewa, a yanka ta manya, a jefa cikin romon ta nuna tare da naman. Idan cokali ya shige ta ba tare da turjiya ba, a tsame ta a dame ta. A soya jajjagen kayan miya a mai har tsamin tumatir ya fita kuma man ya taso sama, a juye romo da nama da kabewar, a sa dakakkiyar daddawa. Gyaɗar da aka daka a dama ta da ruwa kaɗan kafin a zuba, a rage wuta, a riƙa juyawa domin tana saurin kamu a gindin tukunya. Ganye shi ne na ƙarshe, yakuwa kaɗan don ɗan tsami, alayyafo kuma minti 5 ya ishe shi. Tuwon kuwa a wanke shinkafa, a zuba a ruwan da ya tafasa wanda ya ninka ta kamar sau uku, a bar ta ta dahu luguf, a tuƙa da muciya har ƙwayoyin su haɗe, a rufe ya turara, a sake tuƙawa, a kwashe malmala uku. Kada a yi fiye da wanda za a cinye nan take, domin dafaffiyar shinkafa da ta daɗe a zafi tana iya tara gubar ƙwayoyin cuta wadda ɗumamawa ba ta kashewa.

Mataki na biyar ya shafi nama, musamman a Babbar Sallah. Wanda bai yi layya ba sau da yawa maƙwabta kan aiko masa, wani lokaci fiye da abin da zai iya ci. Hanta da kayan ciki su ake fara dafawa a ranar, domin su ne ke riga lalacewa, kuma farfesunsu da masoro da kimba da kanumfari abincin dare ne mai kyau. Tsokar a tafasa ta da kayan ƙamshi har ruwan ya tsotse, a soya ta soyu har ciki, a bar ta ta huce sarai kafin a rufe a mazubi busasshe, kuma a riƙa ɗiba da cokali, ba da jiƙaƙƙen hannu ba. Wanda nama ya yi wa tsada a Ƙaramar Sallah kada ya ga kamar ya gaza, domin jihar da ke da Yauri da Argungu ba ta rasa kifi. Karfasa ɗaya soyayyiya da yaji, ko tarwaɗa da aka wanke yauƙinta da ruwan zafi da lemun tsami aka yi farfesu, abincin idi ne cikakke, busasshen kifi kuma yana shiga miyar taushe a madadin nama.

Abin sha ba ya buƙatar dogon shiri. Zoɓo da citta da kanumfari ya fi kunun aya jure zafi, domin kunun aya kan yi tsami cikin 'yan awoyi idan babu ƙanƙara. Cincin ko dubulan ko alkaki a saya kaɗan, saboda yaran da za su shigo barka da Sallah. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya rage sukari da gishiri da maiƙo, ya bi abin da likitansa ya gindaya masa.

Mataki na ƙarshe, malmala ta uku ba ta mai girki ba ce. A zuba ta a kwano mai murfi da miya da yankan nama biyu, a miƙa wa maigadi, ko maƙwabci, ko almajirin da ke zuwa ƙofa, domin aikawa da kwano ɗabi'ar Sallah ce, kuma ta nan baƙo ke shiga cikin mutanen unguwa. Bayan haka a shimfiɗa tabarma, a zuba abinci a kwano mai kyau maimakon ci daga tukunya, a kira iyaye da 'yan uwa a waya a yi musu barka da Sallah, sannan a ci a natse. Miyar da ta rage a mayar da ita wuta ta tafasa sosai da la'asar, a sake tafasa ta kafin a ci da masa da dare, kuma duk wadda aka ga ta yi kumfa ko ta sauya wari a zubar da ita, kada a ɗanɗana.