Yadda za ka zaɓa wa sabuwar amfilifayar jita lasifika da akwati

Kafin ka jona komai, juya amfilifayar ka karanta bayanta. Kusa da ramin da wayar lasifika ke shiga za ka ga lamba, 4 ko 8 ko 16, da alamar om a gefe, wato ma'aunin nauyin da lasifika ke ɗora wa amfilifaya. Daga nan magana take farawa. Yawancin amfilifayoyin da ake kawo mini gyara suna warin ƙuna ba faɗuwa suka yi ba, ba kuma wutar gari ce ta cinye su ba. An haɗa su ne da akwatin da bai dace da su ba, ko da wayar da ba ta aikin ba. Abin yana yi mini ciwo, domin na san yadda makaɗi ke tara kuɗin nan sisi-sisi.

Abu na farko, ka san irin amfilifayar da ke hannunka, domin dokar kowace daban ce.

Idan mai balb ce, wato mai kwalaben gilashin nan da ke yin ja idan sun ɗau zafi, to akwai transifoma tsakanin balb ɗin da lasifika. Tana cikin abubuwa mafi tsada a jikin amfilifayar, kuma an naɗa ta ne don ta yi aiki da wani nauyi takamaimai. Kada ka taɓa kunna mai balb babu lasifika a jone. Idan ka kaɗa jita a haka, ƙarfin da transifomar ta tara ba shi da wurin zuwa, sai ya dawo baya da tsananin ƙarfi, ya huda rufin wayoyin cikinta ko ya yi tartsatsi a mazaunin balb. Ba ka jin komai, domin babu lasifikar da za ta yi kuka, sai dai hancinka ya ba ka labari. Don haka a mai balb, ramin 8 na akwatin om 8 ne, ramin 16 na akwatin om 16. Za ka ji ana cewa saɓani na mataki ɗaya ba ya cutarwa. Wasu kamfanoni sun yarda da hakan a littattafansu, amma ba su ma yi ittifaƙi kan wane ɓangare ne ya fi sauƙi ba, kuma transifomar kowane kamfani da nata juriyar. Ni shawarata, sabuwar amfilifaya ba wurin gwaji ba ce. Daidaita lambar, ka huta.

Mai tiranzista kuwa akasin haka take. Yawancinsu ba su damu ba idan babu lasifika, abin da ke kashe su shi ne om ya yi ƙasa da abin da aka ƙayyade. Idan ka ga an rubuta MIN da 4 a bayanta, to 4 da 8 da 16 duk za ta ɗauka, amma 2 kamar ka ɗora wa jaki kayan raƙumi ne: za ta ja wuta fiye da ƙima, ta yi zafi, tiranzistocin su ƙone. Sai dai ka sani, duk lokacin da om ya hau, ƙarfi na sauka. Wadda ke ba da wat 100 a om 4, abin da za ta ba ka a om 8 bai fi 60 da ɗan wani abu ba.

Yanzu lissafi, kuma ba mai wuya ba ne. Lasifika biyu ana haɗa su ta hanya biyu. A haɗin siris, wuta na shiga ta farko, ta fita ta shiga ta biyu, sai a tara om ɗinsu: 8 da 8 sun zama 16. Haka aka haɗa biyun da ke cikin amfilifayar Vox AC30. A haɗin faralel, jan waya na tafiya ga ja, baƙi ga baƙi, sai a raba biyu: 8 da 8 sun zama 4, kamar yadda yake a Fender Twin Reverb. Akwatin Marshall samfurin 1960 mai lasifika huɗu, kowace om 16 ce. Idan aka yi su biyu-biyu a siris sannan aka haɗa a faralel sai a koma 16, idan duka huɗun faralel ne sai a sami 4. Shi ya sa yake da ramuka biyu da makunni a baya, kuma wajibi ne ka duba ramin da ka soka waya a ciki kowane lokaci, musamman da dare a wurin taro.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne wajen ƙara akwati na biyu. Ramuka biyun da ke bayan yawancin amfilifayoyi a faralel suke ta ciki. Akwati biyu masu om 16 kenan sun zama 8, sai ka mayar da makunnin om na amfilifayar kan 8. Biyu masu om 8 sun zama 4. Idan ka haɗa mai 8 da mai 16 za ka sami wajen 5.3, lambar da da wuya ka gan ta a jikin amfilifaya, ga shi kuma mai 8 ɗin zai sha kashi biyu cikin uku na ƙarfin. Bar wannan haɗin.

Idan akwatin na hannu ne, kada ka gaskata takardar da ke manne a bayansa. A kasuwanninmu lasifika ba ta mutuwa a jefar, sai an kai ta wurin mai naɗin koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikinta, kuma ba kowane mai naɗi ne ke mayar da ita yadda take ba. Akwai akwatin da aka taɓa kawo mini, an rubuta 16 a baya, na kwance marfin na tarar lasifika biyu na asali ne, biyu kuma an sake musu naɗi, gam ɗin ma ya bushe ya yi fari a gefen takardar lasifikar, wato fuskarta mai motsi. Awo ya nuna wani abu daban ƙwarai. Saboda haka nemi mita, ka sa ta a ma'aunin om mafi ƙanƙanta, ka soka waya a akwatin, ka ɗora tsinke ɗaya a kan bakin jak ɗin, wato ƙarfen da ke ɗaya ƙarshen wayar, ɗaya a jikinsa. Mita ba za ta nuna maka lambar cif-cif ba, kullum ƙasa take nunawa: mai om 4 zai nuna wajen 3, mai 8 wajen 6 zuwa 7, mai 16 wajen 12 zuwa 14. Idan ba ta motsa ba sam, waya ta tsinke a ciki, kuma mai balb za ta ɗauka babu lasifika ne.

Tunda wayar na hannunka, ɗauko ƙaramin batir mai bolt 9. Taɓa bakin jak ɗin da ɓangaren fulos, jikinsa da ɗaya ɓangaren, taɓawa ɗaya ka ɗauke. Za ka ji ƙwas, ka ga takardun sun yi motsi. Abin da kake nema shi ne dukkansu su tafi wuri ɗaya. Idan ɗaya na fitowa ɗaya na komawa ciki, an juya wayar guda, kuma sautin zai fito a rame, babu kauri, kome ka murɗa.

Wayar kanta ma abin dubawa ce. Wayar jita da wayar lasifika kansu iri ɗaya ne, cikinsu ne ya bambanta. Ta jita zare ɗaya ne siriri da raga kewaye da shi, an yi ta ne don ɗan sigina mara ƙarfi. Idan ka sa ta tsakanin amfilifaya da akwati za ta yi zafi, wata rana ta narke ko ta tsinke ana tsakar kiɗa. Ta lasifika tagwayen waya ce masu kauri. Ka sa mata alama da jan salatif don kada ta gauraya da sauran a jaka.

Sai batun wat. Lambar da ke jikin mai balb ita ce ƙarfinta kafin sauti ya fara dagulewa. Da zarar ka buɗe ta sosai tana wuce wannan lamba nesa. Shi ya sa nake son akwati ya iya ɗaukar ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na ƙarfin amfilifayar. Mai wat 50, nema mata akwatin wat 75 zuwa 100. Asalin akwati mai lasifika huɗu ma daga wannan matsala ya fito. Lokacin da Jim Marshall ya fara ƙera amfilifayar JTM45 a Landan a 1962, lasifikokin kamfanin Celestion na zamanin wat 15 zuwa 20 kawai suke ɗauka, dole aka tara huɗu don su raba nauyin. Yau lasifika ɗaya na ɗaukar abin da huɗun can suke ɗauka, don haka girman akwati ba dole ba ne. Idan ka gauraya iri biyu, lissafa da mafi rauni: lasifikar Celestion samfurin Greenback mai wat 25 tare da samfurin Vintage 30 mai wat 60 ba 85 ba ne, 50 ne, domin ƙarfin raba daidai ake yi musu.

Akwai lambar da kusan babu mai tambayarta a shago, alhali ita ce ke faɗin yadda za a ji ka: yawan ƙarar da lasifika ke fitarwa da wat ɗaya a tazarar mita ɗaya, a ma'aunin desibel. Lasifikar G12T-75 tana ba da 97, Greenback 98, Vintage 30 da Celestion Blue mai maganaɗisun alniko suna ba da 100. Bambancin desibel 3 daidai yake da ninka ƙarfin amfilifaya. Wato amfilifaya mai wat 15 a kan lasifika mai 100 za ta yi kafaɗa da mai wat 30 a kan mai 97. Idan mai ganga na danne ka, sauya lasifika ya fi sayen babbar amfilifaya araha. Idan kuma a ɗaki kake atisaye maƙwabta na ƙorafi, mai ƙaramar lamba ce abokiyarka.

A wurina lasifika ce rabin muryar jita, kuma a nan ne kunne ke shugabanci. Vintage 30, wadda ta fito a 1986, tana da tsini a tsakiyar sauti, tana ratsa ganga da bes ta fito fili. Ita kaɗai a ɗaki tana iya yi maka kaifi, amma cikin ƙungiya nan take nuna kanta. Greenback ta fi taushi da ɗumi, tana saurin dagulewa, abin da masu tsohon rok ke so kenan. G12T-75 tana da kauri a ƙasa da ƙyalli a sama, tsakiyarta a lotse. Jensen irin na tsofaffin Fender suna da haske da tsabta, sun dace da mai kaɗa hailaif ko waƙoƙin coci, inda ake son kowace tsirkiya ta fita da kanta. Doka ɗaya nake bi: amfilifaya mai kaifi a ba ta lasifika mai taushi, mai duhun sauti a ba ta mai haske. Ɗauki amfilifayarka da jitarka ka je ka gwada a ƙarar da za ka yi aiki da ita, domin a ƙasa-ƙasa duk lasifika tana da ladabi.

Kada ka jona amfilifayar jita a akwatin di-je ko na wa'azi. Lasifikar jita da gangan aka yi ta ta daina amsawa daga wajen haz 5,000, ita ce ke tace ƙaiƙayin da ke cikin dagulallen sauti. Akwatin taro yana da ƙaramar lasifikar sama da ke fito da wannan ƙaiƙayi duka, kuma sau da yawa ita ce ke fara ƙonewa.

Akwati mai buɗaɗɗen baya yana watsa sauti gaba da baya, yana cika ɗaki, mai ganga ma na jin ka. Rufaffe yana harba sauti gaba, bes ɗinsa a ɗaure. A coci ko ƙaramin zaure na fi son buɗaɗɗe mai lasifika ɗaya ko biyu. A fili kuwa, irin bukukuwan da masu jita ke yi a Agadas inda babu bangon da zai dawo da sauti, abin da ya fita ta baya ya tafi kenan, rufaffe ya fi amfani, ga shi yana kare takarda daga ƙura. Mai lasifika biyu ya ishi kusan kowa. Mai huɗu ya haura kilo 35, ka tuna da wanda zai ɗora shi a mota bayan an tashi.

Idan kafinta zai yi maka, sayi falawud mai kaurin milimita 18, ka guji katakon garin nan da aka matse, wanda ke kumbura da damina ya saki kusoshi. Ramin Celestion mai inci 12 milimita 283 ne. A sa gam a kowace gaɓa kafin sukuru, a kuma ɗaure lasifikar da sannu, kusurwa da kishiyarta, kada a matse har ƙarfenta ya lanƙwashe, koyil ya fara gogar maganaɗisu.

Ranar kunnawa ta farko, duba wutar da amfilifayar ke ci. Wadda aka yi don Amurka bolt 120 take so, tamu a Najeriya da Nijar 220 zuwa 230 ce, sai da transifomar rage wuta mai ƙarfin da ya haura abin da take ja. Jona akwati tukuna, sannan wuta. Mayar da ƙara sifili, kunna, ka ba mai balb kamar minti ɗaya ta yi ɗumi kafin ka ɗaga makunni na biyu, wato wanda ke sakin sauti. Ƙara sauti kaɗan-kaɗan kana saurare: karkarwa na nufin sukuru ya saki, ƙarar gogayya kuma koyil ne. Sabuwar lasifika takan fito da tauri da ɗan kaifi, sai ta sha kiɗa na sa'o'i masu yawa kafin takardar ta saki jiki, don haka ba ta makonni kana kaɗawa da matsakaiciyar ƙara kafin ka yanke hukuncin sauya ta.