Ga masu buga Druid a Diablo II: ku daina zuba duwatsun rune barkatai

'Yan uwa na Aboabo da Asawase a Kumasi da muke buga wasan bidiyo na Diablo II: Resurrected, abin nan yana ci min rai. Mutum ya sha wahala ya tsinci dutsen rune mai kyau, irin wanda ake sawa a ramin makami ko sulke don ƙara masa ƙarfi, sai ya cusa shi a kowane rami ya gani.

Duwatsun nan 33 ne, kuma ƙarfinsu yana cikin jeri. Idan Druid ɗinka, wato jarumin da kake bugawa, ya kai mataki na 25, nemi takobi mai ramuka huɗu cif, wanda sunansa ya fito da launin toka. Mai shuɗin suna ba zai yi ba. Sa dutsen Tal, sai Thul, sai Ort, sannan Amn. Wannan haɗin shi ne ake kira Spirit, yana ƙara maki 2 a kan duk dabarunka, ko guguwa kake turawa ko kyarkeci kake rikiɗewa. Ka juya jerin, ka yi asara, domin cire su da dutsen Hel yana ƙone duwatsun ne gaba ɗaya.

Don samun Thul da Amn, ka yi ta komawa kana kashe Countess, dodanniyar da ke zubar da duwatsun rune, a hasumiyarta a Nightmare, wato zagaye na biyu na wasan mai ƙarin wahala. Kafin nan, Tal da Eth a sulke mai rami biyu sun ishe ka gudu. Don Allah ku duba jerin sau biyu kafin ku danna, musamman in wuta na wasa.