Darasi na 9: Rejim ɗin barin tuwo da lafiyar tiroyid

A garin Tawa yanzu da wuya a tashi daga gidan biki ko suna ba a yi zancen rejim ba. Wata ta bar tuwo da hura don tumbi ya sauka. Wani an ce masa sukarinsa ya hau, sai ya yi sallama da shinkafa da burodi. Yawanci a waya aka gani, a WhatsApp ko Facebook, ba daga bakin likita aka ji ba. Rage ƙiba abu ne mai kyau, domin ƙiba mai yawa tana jawo hawan jini da ciwon sukari da ciwon gwiwa. Sai dai akwai wata ƴar halitta a wuya da ya kamata a san da zamanta kafin a kife tukunyar tuwo.

Mece ce tiroyid?

Ɗora yatsunka a gaban wuya, sama kaɗan da ƙashin ƙirji. A nan tiroyid take, manne da maƙogwaro, ɓangare ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Nauyinta wajen giram 20 ne a jikin babban mutum. In lafiyarta lau, ba a ganinta. In ta kumbura, shi ne maƙoƙo, wanda kowa ya sani.

Tana zuba sinadarai biyu cikin jini, T4 da T3. Su ne ke gaya wa jiki saurin da zai ƙona abinci: bugun zuciya, ɗumin jiki, tafiyar hanji, tsiron gashi, har da kaifin tunani. T4 ta fi yawa, amma T3 ce mai ƙarfin aiki, kuma mafi yawanta jiki ne ke juya ta daga T4, musamman a hanta da ƙoda. A ƙasan ƙwaƙwalwa kuma akwai mai ba da umarni, yana aiko wani sinadari mai suna TSH. In tiroyid ta yi kasala, TSH ya hau. Shi ya sa shi ne likita ke fara aunawa.

Me ake bari a wannan rejim?

Abinci mai sitaci da sukari. A wajenmu wannan yana nufin hatsi, dawa, masara, shinkafa, garin rogo, dankali, taliya, burodi, masa, sukarin shayi da lemon kwalba. Wake ma yana da sitaci, amma yana tare da abin gina jiki da harza mai yawa. Masana suna kiran abinci mai ƙarancin sitaci idan sitacin da ke cikinsa bai kai giram 130 a yini ba. Mai tsanani kuwa, wanda ake ce wa keto, bai wuce giram 50 ba. Dafaffiyar shinkafa giram 100 tana da sitaci wajen giram 28, ke nan ƙaramin faranti ɗaya ya cinye rabon mai keto na yini gaba ɗaya. Asalin keto ma magani ne: a 1921 likitoci a Amurka suka fito da shi don yara masu farfaɗiya, ƙarƙashin kulawar asibiti.

Makon farko mutum yakan ga kilo biyu ko uku sun tafi, ya yi murna. Yawancinsa ruwa ne. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kuma kowane giram ɗaya na wannan ajiya yana riƙe da ruwa wajen giram 3. Ajiya ta ƙare, ruwa ya fita ta fitsari.

Abin da ke faruwa da tiroyid

Uwargida in ta ga itace ya kusa ƙarewa, takan janye wasu daga murhu don wutar ta kai ta dare. Haka jiki yake yi. In abinci ya ragu ƙwarai, ko sitaci ya yanke, sai ya rage juya T4 zuwa T3. A wani bincike da aka buga a Amurka a 1976, an ba mutane masu ƙiba abinci kaɗan wanda babu sitaci ko kaɗan a ciki, T3 ɗinsu ta faɗi kusan rabi. Da aka ba su abinci daidai wancan yawa amma da sitaci giram 50 ko fiye, ba ta faɗi haka ba.

A lura da kyau a nan. Saukar T3 ita kaɗai ba ta nufin tiroyid ta lalace. A wajen mai lafiya TSH yakan tsaya inda yake, kuma T3 tana dawowa in ya koma cin abinci isasshe. Amma tsumulmular da jiki ke yi tana iya fitowa fili: jin sanyi, kasala, bayan gida mai tauri, zubar gashi, da tsayawar kilo ko da mutum yana ta hana kansa.

Ga inda abin ya fi damuna. Masu wannan tsari a Turai da Amurka suna cike gurbin sitaci da nama, ƙwai, kifi, cuku da man zaitun, kullum, sau uku. A Tawa gida nawa ne ke iya wannan? Hatsi shi ne ginshiƙin abincinmu. Wadda ta cire shi ba ta sa komai a madadinsa ba, ba rejim take yi ba, yunwa take kwana da ita. Yunwar nan kuwa ita ce abin da ya fi sa jiki rage T3. Tare da hatsin kuma sai ta rasa ƙarfen jini da sinadarin zink da ke cikinsa, alhali tiroyid tana bukatar su biyun.

Mu karanta tare

Wata mata ta je kitso wajen yayarta. Yayar ta tsefe kan, ta nuna mata matsefi cike da gashi.

"Ke, me ya sami kanki haka? Dubi gefen nan, har fata nake gani."

"Wallahi Yaya, tun bayan salla ban sa tuwo a bakina ba. Salak nake ci da shayi ba sukari."

"Da nama?"

"Ina na ga kuɗin nama kullum?"

"To shi ya sa kike lulluɓe da zane biyu a watan Afrilu, ana wannan zafi. Gobe ki shirya mu je likita a auna jininki. Yau kuwa sai kin sha hura kafin ki bar gidan nan."

Yayar ta yi daidai da ta ce a auna. Kasala da zubar gashi ba tiroyid kaɗai ke kawo su ba. Ƙarancin jini ma yana kawo su, kuma ya yi yawa a tsakanin matanmu. Ido ba ya raba su, sai awon jini.

Gishiri mai iyod

Tiroyid ba ta iya yin T4 ko T3 sai da iyod, wani sinadari da jiki ke samu daga abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar mikrogiram 150 a yini, mai ciki da mai shayarwa 250. Abu ne ƙanƙane ƙwarai, amma rashinsa shi ne babban mai kawo maƙoƙo, kuma yana tauye ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Mu muna nesa da teku, kifin teku ba abincinmu na kullum ba ne, don haka gishiri mai iyod shi ne hanyarmu. Gishirin da ake haƙowa a gargajiyance, irin na Bilma, ba a ƙara masa iyod ba. A jikin ledar gishiri a nemi wannan rubutu: iodé. A zuba shi a gwangwani mai murfi, nesa da rana da danshi, domin iyod yana gudu. Ba a ce a ƙara cin gishiri ba. Giram 5 a yini ya isa, wato ƙaramin cokali ɗaya.

Hatsi kansa yana da wasu sinadarai masu rage wa tiroyid aiki, kuma an ga haka a Darfur ta Sudan, inda ake cin hatsi sosai ga ƙarancin iyod. Rogon da ba a jiƙa shi ya tsumu da kyau ba shi ma haka. Maganin wannan iyod ne da sauya abinci lokaci-lokaci, yau hatsi, gobe dawa ko wake.

Waɗanda bai kamata su fara da kansu ba

Mai ciki, mai shayarwa da yaro mai tasowa, wannan rejim ba nasu ba ne. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan glibenclamide, in ya yanke sitaci bai rage magani ba, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma. Mai ciwon ƙoda ma sai da izinin likita.

Mai shan levothyroxine, maganin tiroyid mai kasala, ya san cewa ana auna maganin da nauyin jiki. In kilo ya sauka da yawa, ƙila adadin ya yi masa yawa, ya fara jin faɗuwar gaba da rawar hannu da rashin barci. Kada ya rage da kansa. Ya koma a auna TSH, kuma bayan kowane canjin adadi a sake aunawa cikin mako 6 zuwa 8. Ana shan maganin da safe da ruwa zalla, a jira minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, a raba shi da maganin ƙarin jini da awa 4.

To me za a rage?

A fara da sukari. Kwalbar lemo ta santilita 33 tana da sukari wajen giram 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kimanin giram 50 a yini, in ya tsaya a 25 ya fi. A sha hura da nono ba a zuba sukari ba. Mai cin malmala biyu ya koma ɗaya, ya yawaita miyar kuka ko kuɓewa. A surfa hatsi sama-sama, kada a kore dusar duka. A riƙa cin wake, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, gujiya, ƙwai in an samu, da albasar Galmi da tumatir. A yi tafiyar ƙafa da sanyin safiya. Rabin kilo a mako ya wadatar.

Aiki

Rubuta waɗannan sau uku-uku: tiroyid, maƙoƙo, sitaci, iyod.

Amsa da baki: Me ya sa kilo ke saurin sauka a makon farko? Su wa da wa bai kamata su yanke sitaci da kansu ba?

Lissafi: A ce ƙwayar sukari ɗaya giram 5 ce. Maigida yana sa ƙwaya 4 a shayin safe, 6 a na yamma, sannan ya sha lemo kwalba ɗaya. Giram nawa ya sha? Da nawa ya wuce 50?

A gida, duba ledar gishirin da ake girki da shi, ka nemi kalmar iodé. Ka zo da ledar aji ranar darasi na gaba.