Yadda Za Ka Tada Musun Gwarzon Kulob Ya Dawo Maka da 'Yan Kallo

Benci goma sha huɗu gare ni a gidan kallona da ke Badariya, nan Birnin Kebbi. Akwai lokacin da in Arsenal za ta kara da Manchester United sai na aro tabarmi a maƙwabta, yara su zauna gaba har gwiwarsu na taɓa teburin talabijin. Yanzu in benci biyar suka cika sai in yi hamdala. Ruwa ba ya tsami banza. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin janareta ya ninninka, dole na ƙara kuɗin shiga. Kuɗin dikoda na wata shi ma bai tsaya jirana ba. Ga kuma waya: mutum na kwance a ɗaki zai sa data ya ga duk ƙwallayen da aka ci cikin minti uku. Samarin da suka fi kowa ihu a da, wasu suna fadama wurin shinkafa, wasu suna kan kabu-kabu har dare.

Wani dare aka ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, janareta kuma ya ƙi tashi. Ina can ina fama da igiya, gumi na zuba, ina jiran a taso mini da maganar mayar da kuɗi. Shiru. Da na leƙo sai na tarar da su cikin duhu, ana musun wa ya fi tsakanin Henry da Kanu. Sun kai awa guda, ba wanda ya tashi, ba wanda ya tambayi naira ɗaya. Daga ranar na fara kula da musun nan kamar yadda nake kula da man janareta, kuma ga yadda nake yi, ko wani mai gidan kallo zai gwada.

Ka buɗe ƙofa awa ɗaya kafin a take ƙwallo, kada ka karɓi ko sisi. Kada ka tada janareta, don baki ba ya shan mai. Kuɗi sai an kunna talabijin. Wanda ya shigo kyauta ya yi awa guda yana kare gwaninsa, da wuya ya tashi ya fita daidai lokacin da kulob ɗin zai fito fili. Kunya kaɗai ta isa ta zaunar da shi. Sai dai ka lura da agogo. Wasan ƙarfe uku na ranar Asabar a Ingila, lokacin sanyinsu ƙarfe huɗu yake kamawa a nan, watau kan La'asar. Ka tsara a yi salla tukuna, kada musu ya zama dalilin da liman zai aiko maka.

Kulob ɗaya, tambaya ɗaya. Kada ka yarda a shigo da Messi da Ronaldo. Wannan musun ya tsufa, kowa ya haddace abin da zai faɗa tun kafin ɗan'uwansa ya buɗe baki, ƙarshensa kuma zagi. Ka ɗauki kulob ɗin da ke da magoya baya manya da yara a unguwarku. Mu a nan Arsenal ce, kuma kowa ya san dalili: dattawan da ke binta yau, yawancinsu Kanu suka biyo.

Kai mai gida ka zo da shiri. Ina da littafin bashi, a bayansa nake rubuta abin da na tabbatar. Thierry Henry ya zo daga Juventus a 1999, ya ci wa Arsenal ƙwallo 228, ba wanda ya kamo shi. Ian Wright da ya riƙe tarihin kafin shi 185 gare shi. Dennis Bergkamp ya zo daga Inter Milan a 1995, ya rataye takalmi a 2006. Patrick Vieira ne kyaftin a kakar 2003 zuwa 2004 da suka buga wasa 38 na Firimiya ba a doke su ba, nasara 26, kunnen doki 12. Tony Adams bai taɓa sa rigar wani kulob ba, kuma yana kyaftin ya ɗaga kofin lig a 1989 da 1991 da 1998 da 2002. Kada ka karanto musu wannan kamar mai labarai a rediyo. Ka riƙe su a aljihu, ka riƙa jefa ɗaya-ɗaya in wuta ta fara mutuwa.

Waya kuwa a aljihu take zama har a tashi. Wannan ita ce dokar da na fi shan wuya a kanta. Da zarar yaro ya zaro waya ya karanto lamba, magana ta mutu, kowa ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. In an yi gardama kan shekara ko yawan ƙwallo, littafina ne shaida. In ban rubuta ba, a bar shi sai mako mai zuwa. Wanda aka ƙaryata zai kwana bakwai yana cizon yatsa, kuma zai dawo.

Doka ta biyu ta fi daɗi: duk wanda ya ambaci gwani, sai ya faɗi inda yake zaune ranar da ya gan shi ya yi abin da yake yabo. Gani ya kori ji. A nan ne dattawa ke samun bakin magana. Akwai wani tsohon direban babbar mota da ke zama a bencin baya, kowa Baba yake ce masa. Duk ranar da aka taɓo Kanu sai ya gyara hula ya kawo wasan Chelsea na watan Oktoban 1999 a Stamford Bridge: an ci Arsenal biyu, saura kamar minti goma sha biyar, ga fili ya jiƙe sharkaf, Kanu ya zura uku shi kaɗai. Ta ukun daga can bakin layi ya buga ta, bayan ya yanke gola, a kusurwar da mai hankali zai ba wani. Baba yakan ce a Legas ya gani, a wani shago kusa da inda suke jiran lodi, har ya zubar da shayin wani bai sani ba.

Wani yaro ɗan makaranta ya taɓa ce masa, "Baba, ka yi haƙuri, amma ƙwallo 44 fa Kanu ya ci a shekara biyar. Henry a kaka biyu ya wuce haka."

Baba ya dube shi ya ce, "Ɗana, mi kaka ƙirga? Mutumin da anka buɗe ma ƙirji anka gyara zuciya, ya dawo ya yi wanga aiki, shi zaka auna da lamba?"

Dukansu suna da gaskiya, kuma a nan ne aikinka yake. Musun gwarzo yana rikicewa ne don mutane na amsa tambaya uku a lokaci guda ba su sani ba. Akwai wanda ya fi iya ƙwallo. Akwai wanda ya fi yi wa kulob amfani. Akwai kuma wanda aka fi so. In ka bar su a cakuɗe, mai maganar iyawa zai ga mai maganar so kamar mahaukaci. Ka raba su, kowace da makonta. A iyawa, ni dai Bergkamp nake ba, ko don ƙwallon da ya ci Newcastle a 2002, da ya taɓa ta ta bi gefe ɗaya na ɗan baya shi ya bi ɗayan suka haɗu a gaba. A amfani ba na jayayya da Henry, ko da yake masu tuna wasan ƙarshe na Zakarun Turai a Paris a 2006, da Barcelona ta ci Arsenal biyu da ɗaya bayan an ba golanta Lehmann jan kati, ba su yafe wa Henry damar da ya ɓarar ba. A so kuwa, a wannan unguwa Kanu ba shi da na biyu, kuma ba Arsenal kaɗai ta jawo masa ba: Atlanta 1996 ce, ƙwallo biyun da ya ci Barazil muka fitar da su huɗu da uku. Wanda ya ga wannan daren ba ka canza masa ra'ayi da lissafi, kada ma ka gwada.

Kada ka bar dattawa su cinye filin. Yaron da aka haifa bayan 2004 bai ga Vieira ba, bai ga Highbury, tsohon filin Arsenal, ba, filin Emirates ya taso ya tarar. In aka ce masa kullum "kai ba ka ga komai ba", zai koma wa wayarsa, kuma shi ne mai biyan kuɗin shiga na shekara goma masu zuwa. Ka ba shi minti biyar ya kare Bukayo Saka, a saurare shi, sannan a tambaye shi abin da Saka zai ci kafin a zaunar da shi kusa da su Henry.

Sai alƙali. Kada ya zama kai, don kai ɗan kasuwa ne, duk wanda ka kayar ka yi asarar kuɗinsa. Kada kuma ya zama mai goyon bayan kulob ɗin. Nawa mai shayin ƙofar gidan ne, ɗan Chelsea, kuma yana jin daɗin aikin fiye da kima. Hukuncinsa uku ne kawai: ba zagin iyaye, ba siyasa, ba caca. Wanda ya karya, shayi uku a kansa. Maganar caca ba na wasa da ita. Ranar da aka fara ajiye kuɗi a kan musu, ranar dattawa za su daina shigowa, iyaye kuma su hana 'ya'yansu.

In ka ga hira ta yi sanyi, ka ce a hankali, kamar kai da kanka kake yi, "To Van Persie fa?" Mutumin da ya bar Arsenal ya koma Manchester United a 2012 ya ɗauki kofi da su a kakar farko. Sai ka ja baya ka bar su.

Kada a yanke hukunci. Ina da ɗan allo a jikin bango, da alli nake rubuta sunaye biyar da yawan hannun da kowa ya samu, in sa kwanan wata, in bar shi har mako ya zagayo. Masu wucewa suna leƙowa su gani. Akwai telan da ya shekara bai tako nan ba, aka gaya masa Adams yana ƙasan allo, ranar Asabar sai ga shi da zare a wuyan riga.

Ban ce benci goma sha huɗu sun cika ba. Ranar babban wasa nakan ga tara, wani lokaci goma, kuma mai shayi ya ƙara madara.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ranar da na juya tambayar gida. Makon hutun wasannin ƙasashe ne, na ce yau Kano Pillars za mu yi. Musu ya yi zafi: wasu na Rabi'u Ali saboda daɗewa da kofunan 2012 da 2013 da 2014, wasu na Ahmed Musa saboda ƙwallo 18 da ya ci a kaka ɗaya kafin ya tafi Turai, Baba kuma ya tuno yadda suka fitar da Al Ahly ta Masar a 2009. Sai na ce, to Kebbi United fa, wane ne gwarzonta? Aka yi shiru. Mutanen da suka san ƙafar da Bergkamp ke juyawa da ita ba su iya kawo sunan mutum uku da suka buga a filin Haliru Abdu ba, filin da kabu-kabu zai kai ka cikin 'yan mintoci. Ni ma da na yi tambayar biyu na iya kawowa.

Shi ya sa na ƙara doka ɗaya a ƙasan allo: wanda ya je filin ya kalli wasan gida, ya dawo ya ba mu labarin ɗan wasa ɗaya da lambar rigarsa, kallon Asabar ɗinsa kyauta ne. Makon farko yara biyu suka je. Sun dawo suna musu a kan wani ɗan baya mai lamba biyar, ɗaya na cewa gwani ne, ɗaya na cewa duka kawai ya iya. Baba ya saurare su har suka gama, sannan ya tambayi ƙarfe nawa ake farawa, da kuma ko akwai inuwa a wurin zama.