Yadda za ka karanta alƙaluman hauhawar farashi ba tare da an ruɗe ka ba

A mafi yawan ƙasashe, hukumar ƙididdiga kan fitar da adadin hauhawar farashi a kowane wata. Masu mulki su ce ta sauka, 'yan adawa su ce ƙarya ne tunda kaya ba su yi sauƙi ba. Sau da yawa dukansu gaskiya suke faɗa, kuma abin da ke damuna shi ne mai sauraro ya rasa wadda zai kama, alhali lissafin bai fi ƙarfinsa ba.

Abu na farko da za ka riƙe: wannan adadi saurin tashin farashi yake aunawa. A ce abu yana 100, hauhawa ta kai kashi 30 cikin ɗari, ya koma 130. Baɗi aka sanar cewa ta sauko zuwa kashi 15. Abin nan bai koma 115 ba, ya tashi zuwa 149.5. Ruwan sama ne ya sassauta, tafkin kuwa bai daina cika ba. A Amurka hauhawa ta kai kashi 9.1 a watan Yunin 2022, ta sauko kashi 3 a Yunin 2023, duk da haka mutane suka shiga zaɓen 2024 suna kukan tsadar rayuwa, don ƙarin da aka yi a baya yana nan daram. Sai adadin ya faɗi ƙasa da sifili ne za a ce farashi ya ragu, kuma ba kasafai hakan ke faruwa ba.

Sannan ka tambaya: da yaushe aka kwatanta? Adadin da ake yayatawa yawanci wannan watan ne da takwaransa na bara. Idan bara a daidai lokacin an yi mummunan tashin farashi, na bana zai fito ƙarami ko da babu abin da aka gyara. Saboda haka ka nemi adadin wata zuwa wata, yana cikin rahoton, shi ne ke nuna halin da ake ciki yanzu.

Ka kuma duba ko an sauya ma'aunin. Hukumomi kan sabunta jerin kayan da suke bibiya da nauyin da suke ba kowanne, domin abin da mutane ke saye yana canzawa. A Najeriya adadin Disambar 2024 ya kai kashi 34.80, na Janairun 2025 ya fito 24.48, bayan an mayar da shekarar da ake kafa lissafi a kanta daga 2009 zuwa 2024. Sauya ma'auni ba laifi ba ne, wajibi ne ma. Laifin yana kan wanda ya jera adadin biyu ya ce kaya sun yi sauƙi cikin wata guda. Akwai kuma inda ake murɗe alƙaluman da gangan: Ajantina ta yi haka daga 2007, har Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya tsawata mata a hukumance a 2013. Hukumar da ke wallafa hanyar lissafinta da farashin rukuni-rukuni ta fi cancantar a yarda da ita.

Adadin ƙasa matsakaici ne na kowa da kowa, kai kuwa kashe kuɗinka daban yake. Mai ƙaramin ƙarfi mafi yawan samunsa a abinci da sufuri da haya yake tafiya, don haka ka wuce kai tsaye zuwa waɗannan layukan a rahoton. Akwai wani adadi da ake cire abinci da makamashi daga cikinsa. Manyan bankuna na amfani da shi wajen tsara kuɗin ruwa, amma ba zai gaya maka komai game da cefanen gidanka ba. Shawarata, ka ware littafi, ka rubuta kaya goma da ba ka wata ba ka saye su ba, ka riƙa rubuta farashinsu a wuri ɗaya, da awo ɗaya. Ka lura da awon sosai, don wasu kamfanoni kan bar farashi yadda yake su rage abin da ke ciki.

Daga nan sai ka auna da samunka. In an ƙara maka kashi 10 a albashi, farashi ya tashi da kashi 25, raba 110 da 125: za ka samu 0.88, wato ƙarfin sayenka ya ragu da kashi 12. Haka za ka yi wa kuɗin ajiya da bashin da kake bi. In kuma kana son sanin shekarun da farashi zai ninka, raba 70 da adadin hauhawar. A kashi 2 da babban bankin Amurka da na Turai ke hanƙoro, shekara 35 ke nan. A kashi 10, shekara 7. Da wannan lissafin za ka zauna da mai biyanka albashi, ko ka yanke farashin aikinka na baɗi.